Fosi Audio V3: ƙaramar amfilifaya mai aikin manya, amma a bar batun wat 300

Wanda idonsa ya saba da manyan hom-tiyata na kasuwa, masu fitilu kala-kala da takardar da aka manna mai cewa 5000W PMPO, idan aka miƙa masa Fosi Audio V3, amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika, zai ɗauka cajar wani abu ce. Ba ta fi ƙaramin littafi girma ba. Akwatin alminiyom ne baƙi, da maɓalli ɗaya tal a gaba, wanda shi ne na kunnawa, shi ne kuma na ƙara murya. A baya akwai ramukan RCA biyu na shigar sauti, da ƙaramin rami irin na iyafis mai milimita 3.5 da ke fitar da sauti zuwa wata na'ura, da wuraren ɗaura wayar sifika guda huɗu, sai ramin adafta. Shi ke nan. Babu Bluetooth, babu rimot, babu maɓallin bes ko tirebul, babu wurin saka filash. Kamfanin Fosi Audio da ke Shenzhen a ƙasar Sin ya fito da ita a 2023, kuma a lokacin, da ƙaramar adaftarta, farashinta bai kai dala 100 ba.

Hukuncina a kanta shi ne: ga mai son haɗa sitiriyo na gaske a ɗaki ko falo da kuɗi kaɗan, tana cikin abubuwan da suka fi cancantar a saya. Sai dai alherinta ba a inda 'yan talla ke nunawa yake ba, kuma akwai hanyoyi uku ko huɗu da mutum zai ƙona ta, ko ya ƙona sifikunsa, tun makon farko.

A fara da lambar da ke jikin kwali, wato wat 300 sau biyu. Zuciyar na'urar IC ce mai suna TPA3255 ta kamfanin Texas Instruments na Amurka, irin amfilifayar da ake kira Class D. Gaskiya ne takardar kamfanin ta ce IC ɗin na iya ba da wat 315 a kowane ɓangare, amma da sharuɗɗa: sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), wuta sama da bolt 50, sannan sautin ya gurɓace da kashi 10 cikin 100. Gurɓatar kashi 10 ba abin saurare ba ce, ita ce wannan tsagewar murya da ake ji a lasifikar masu tallan magani. Kuma ko an yarda da hakan, amfilifaya ba ta ƙirƙirar wuta, abin da adafta ta ba ta shi take juyawa. Adafta iri biyu ake haɗa V3 da su. Ƙaramar bolt 32 ce da amfiya 5, wato wat 160 gaba ɗaya. Babbar bolt 48 ce da amfiya 5, wat 240. Ta ina wat 600 zai fito daga 240?

Lissafin da ya fi amfani shi ne wannan. Da adafta mai bolt 32, iyakar abin da zai isa sifika kafin sauti ya fara tsagewa bai wuce bolt 22.6 ba, wanda a sifika mai om 8 yake ba da wat 64 a takarda, a aikace kuma ƙasa da haka. Da mai bolt 48 lissafin yana kaiwa wat 144 a takarda, amma ɓangarorin biyu ba za su samu haka a lokaci guda ba, tun da adaftar ba ta da shi. Kada wannan ya sanyaya wa kowa gwiwa. Sifikar kanta, wato ƙaramar da ake ɗorawa a kan kanta, da aka rubuta wa 87 dB (dB shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) tana ba da ƙara mai ƙarfin 87 dB da wat ɗaya kacal idan aka tsaya mita ɗaya daga gabanta, kuma wannan ƙara ce da sai an ɗaga murya kafin a yi hira a cikinta. Sauraro na yau da kullum a falo wat ɗaya ko biyu yake ci. Sauran ƙarfin ajiya ne domin lokacin da ganga ta faɗo ko aka buga wani abu da ƙarfi, inda buƙata kan ninka sau goma zuwa talatin na ɗan ƙiftawar ido. Saboda haka wat 40 ko 50 na gaskiya ya wadaci ɗaki mai mita 4 da 5, har maƙwabta su yi sallama.

To wace adafta za a ɗauka? Bambancin bolt 32 da 48 a kunne 3.5 dB ne, wato ƙari ne da ake ji amma bai kai ninki ba. Idan sifikun masu om 4 ko 6 ne kuma ɗakin matsakaici ne, mai bolt 32 ta isa, kuma a ƙasarmu tana da wata fa'ida da masu sharhi na Turai ba sa damuwa da ita: na'urar ba ta ɗaukar zafi sosai da ita. An gina V3 ne yadda jikin akwatin shi ne ke shanye zafin IC, da ramukan iska a sama da ƙasa. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, akwatin da ke kan bolt 48 yana yin zafin da hannu ba ya son daɗewa a kai. IC ɗin na da kariyar da ke kashe shi idan zafi ya yi yawa, amma kafasitocin da ke ciki zafi ne ke rage musu kwana. Mai bolt 48 ta dace da wanda sifikunsa om 8 ne, masu wuyar turawa, a babban falo. Ko wacce aka ɗauka, kada a ɗora dikoda a kanta, kada a cusa ta cikin kabad mai rufi, a bar mata aƙalla faɗin tafin hannu ta sama. Da hunturu kuma ƙura ta waɗannan ramukan take shiga. A rufe ta da ƙyalle idan an kashe, a cire ƙyallen kafin a kunna.

Sautinta kuwa, abin da ya fi burge ni shi ne shirunta. A kunna ta ba tare da kiɗa ba, a kai kunne kusa da tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, da ƙyar za a ji wani huci. Wannan shirun shi ne ke sa a ji ƙananan abubuwa: jan numfashin mai ƙira'a kafin ya shiga aya, saukar yatsa a kan tsirkiyar gurmi, yadda muryar kalangu ke hawa da sauka idan makaɗi ya matse shi a hammata. Bes ɗinta a ɗaure yake, ba ya yin wannan gunjin da hom-tiyata ke yi wanda ke haɗiye muryar mawaƙi. Wanda ya saba da gunjin zai ce ba ta da bes a kwana biyun farko. Tana da shi, abin da aka ɗauka a situdiyo take bayarwa ba ƙari.

Tana da aibi ɗaya na ƙira da ya kamata a sani. A irin wannan amfilifaya akwai matatar sauti a bakin fita, kuma a V3 da'irar da ke gyara kuskuren sauti ba ta haɗa da matatar ba. Sakamakon haka, can ƙololuwar tirebul yana ɗan canzawa gwargwadon sifikar da aka ɗaura: da mai om 8 yakan ɗan ɗaga, da mai om 4 yakan ɗan sauka. Abin kaɗan ne, kuma yana can saman da yawancin waɗanda suka haura shekara 40 ba sa ji sosai. Kamfanin ya magance shi a V3 Mono da ya fitar daga baya, amma waccan sai an sayi biyu, ɗaya ga kowace sifika, kuma kuɗin ya tashi daga na mai lallaɓawa.

Abin da ya fi wannan damun mai amfani kullum shi ne ƙarancin ƙofofi. Mashiga ɗaya ce. Mai son haɗa talabijin da waya da tsohuwar dek ta kaset sai ya sayi ɗan akwatin sauya layi na RCA, ko ya riƙa cire waya yana mayarwa har ramukan su saki. Mai garmaho kuma ba zai haɗa kai tsaye ba, sai da ƙaramar na'urar phono a tsakani, domin sautin allura ya yi rauni ƙwarai kuma yana buƙatar gyara kafin ya shiga. Maɓallin murya ma yana da halin irinsa: a can ƙasa-ƙasa wani lokaci ɓangare ɗaya kan riga ɗaya fitowa. Maganinsa a rage ƙarar daga waya ko kwamfuta, a ɗaga na amfilifayar ya wuce wurin. Wanda Bluetooth da maɓallan bes da tirebul suka zame masa dole, BT20A Pro ta kamfanin ɗaya tana da su a kan IC iri ɗaya. Aiyima A07 ma TPA3255 ce, kuma takan fi araha.

Yanzu ga inda ake asara. Na farko, baƙaƙen wuraren ɗaura wayar sifika na V3 ba "ƙasa" ba ne, wato layin da ba ya ɗauke da wuta, kamar na tsofaffin amfilifayoyi. Kowane ɓangare, ja da baƙi duka wuta ke fita ta cikinsu, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Idan aka haɗe baƙin hagu da baƙin dama, ko aka bar ɗayansu ya taɓa jikin akwatin ko wani ƙarfe, an yi gajeren haɗi. Sa'a ita ce kariya ta kashe na'urar, rashin sa'a IC ya tafi. Wannan na faruwa ga masu amfani da akwatin raba sifiku mai waya ɗaya ta baƙi, da masu jan layi daga wurin sifika zuwa sabwufa, wato akwatin bes zalla, da kuma wanda ya fere waya ya bar silin tagulla ɗaya yana leƙe. A fere kamar santimita ɗaya, a murɗe silin sosai, a ɗaure, sannan a duba da fitila. Filogin da ake kira banana ya fi kwanciyar hankali, domin wuraren ɗaurin a matse suke da juna.

Na biyu, adafta. A fara cusa bakinta a jikin amfilifaya, sannan a kai filogi bango. Idan aka yi akasin haka, musamman da mai bolt 48, za a ga tartsatsi a bakin ramin, kuma a hankali yana cinye ƙarfen. A karanta jikin adaftar a tabbatar an rubuta 100–240V, ko aƙalla 220–240V, domin kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na 120V ne, namu kuwa 230V. A kashe ta kafin a juya layi daga NEPA zuwa janareto, kuma a sa mata abin kariya daga hauhawar wuta. Inbata mai arha wadda ba pure sine ba, wato wadda wutarta ba ta fita sumul kamar ta NEPA, takan sa a ji zuwwa a sifika, kuma tana wahalar da adafta.

Na uku ya shafi masu sola, kuma a nan V3 tana da wata baiwa. Wutar DC take ci, daga bolt 24 zuwa 48, kuma irin wannan amfilifaya kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ja take mayarwa sauti idan tana aiki sosai, saɓanin tsofaffin da ke ɓarar da kusan rabi a zafi. Mai batura na tsarin bolt 24 zai iya ba ta wuta kai tsaye daga batir ba tare da inbata ba, tun da ko ana caji tsarin bai cika wuce bolt 29 ba. Sai a sa fis na amfiya 5 zuwa 8 kusa da batirin, a kuma tabbatar da mita cewa tsakiyar filogin shi ne mai alamar tarawa, kamar yadda yake a adaftarta. Amma mai tsarin bolt 48 kada ya kuskura. Sunan ne 48, lokacin caji yana haura bolt 54, wani har 58, alhali iyakar TPA3255 bolt 53.5 ne. Rana ɗaya mai haske ta isa ta kashe ta.

Duk wannan bayani a kan akwatin da bai kamata ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba. Sifika ce ke yin sauti, kuma a nan ne ya kamata rabin kuɗin ko fiye ya tafi. Sa'ar da muke da ita ita ce kayan Beljiyam. A Sabon Gari a Kano da Alaba a Legas ana samun sifikun kanta na Wharfedale, Mission, Tannoy, KEF, JBL da Yamaha da aka kwaso daga gidajen Turai, kuma biyu masu lafiya daga cikinsu sun fi sabuwar hom-tiyata mai sifika shida nesa ba kusa ba. Sai dai a je da mita da batir ɗan yatsa mai bolt 1.5. A auna tsakanin ja da baƙi: mai om 8 za ta nuna wajen 5.5 zuwa 7, mai om 4 wajen 3 zuwa 3.5, kuma biyun su yi kusa da juna. Idan ɗaya ta nuna 6 ɗaya ta nuna 3, an taɓa canza wani abu a ciki. A cire ragar gaba a duba zoben da ya kewaye wufa, wato babban faifan da ke fitar da bes. Idan na soso ne, a shafa shi da yatsa, wanda ya tsufa zai marmashe kamar busasshen burodi. Na roba ya fi jure zafinmu. A ɗora yatsu huɗu a kewayen tsakiyar wufar a tura a hankali: ta shiga ta fito shiru. Idan aka ji ƙarar gogayya, koyil ya ƙone ko ya karkace, a bar ta. A taɓa batirin a wayoyin, tarawa a ja, wufar ta yunƙuro waje a duka biyun. Daga ƙarshe a sa kiɗa a hankali a kai kunne kan kowace tuwita, domin ita ce ta fi mutuwa, kuma a hayaniyar kasuwa ba a lura.

Mutuwar tuwita ma tana da dalilin da ya shafi V3. Mutane na tsoron babbar amfilifaya, alhali ƙaramar da aka murɗe har ƙarshe ita ma tana ƙona tuwita. Idan wuta ta ƙare mata sai ta daddatse kan sautin, wannan datsewar kuma ƙara ce mai kaifi da ke tafiya kai tsaye tuwita. Da zarar murya ta fara kaushi, a rage. V3 ba ta biki ba ce, ba ta majalisi a waje ba ce.

Waya kuma kada a bari a yi wa mutum romon baka. Tagulla zalla mai kauri 1.5mm² ta isa duk tsawon da bai wuce mita 5 ba, domin zuwa da dawowa turjiyarta wajen om 0.12 ce kawai. Idan ya fi haka a ɗauki 2.5mm². Abin lura shi ne jabu, wato alminiyom da aka shafa wa ruwan tagulla. A kankare sili ɗaya da reza, idan cikinsa fari ne a ajiye. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka sifikun. Idan aka juya ɗaya, bes zai ɓace, muryar mawaƙi kuma ta watse maimakon ta tsaya a tsakiya.

Gyaran da ya fi kowane canza sauti kyauta ne. Ɗakunanmu siminti ne da tayil, sauti na dukan bango yana dawowa. A tafa hannu a tsakiyar ɗaki, idan aka ji ƙarar ta yi wutsiya, ɗakin na buƙatar kafet a tsakanin kujera da sifiku, da labule mai nauyi a taga. A raba sifikun kamar mita 2, mai sauraro ya zauna mita 2 zuwa 2.5 daga kowace, tuwita daidai tsayin kunne idan an zauna, kowace ta ɗan juyo tana kallonsa. A janye su daga bango santimita 30 zuwa 50, musamman masu ramin iska a baya, kuma a guji kusurwa, nan ne bes ke kumbura. Sifikar kanta da aka ajiye a ƙasa kan tayil, ko aka rataye can kusa da silin, an zubar da rabin kuɗinta.

Idan kuɗi ya sake shigowa, abin da zai biyo baya shi ne mafarin sautin. Waƙar da aka matse zuwa 128kbps, ta bi ta Xender da WhatsApp sau biyar, V3 ba za ta rufa mata asiri ba, za ta fito da duk shashsharar da ke cikinta. A nemi 320kbps ko FLAC, wato fayil ɗin da ba a rage ingancinsa ba. Wayar da ba ta da ramin iyafis, ɗan dongul na USB-C mai kyau ya isa a fara. Mataki na gaba ƙaramar DAC ce, na'urar da ke juya lambobi zuwa sauti. SMSL SU-1 tana karɓar USB da optical da coaxial, tana fitar da bolt 2, amma ba ta da rimot. Topping E30 tana da rimot da rage murya, wanda ke toshe babban giɓin V3. Ga mai haɗawa da talabijin, optical ita ce hanya, saboda haske ne ke bi ta cikinta ba wuta ba, don haka tana yanke wannan gurnanin da ke biyo wayar dish ta dikoda ya shigo sifika. A shiga saitin talabijin a mayar da sautin fita PCM, in ba haka ba DAC za ta yi shiru ko ta yi ta tsatsa. A sani kuma rimot ɗin talabijin galibi ba ya rage ƙarar optical.

Akwai masu buɗe akwatin su canza ƙananan IC biyu na NE5532 da ke zaune a soket, da sunan ƙara daɗin sauti. Ban ga dalili ba. NE5532 ta shekara fiye da 40 tana aiki a kayan situdiyo, kasuwa cike take da jabun waɗanda ake cewa sun fi ta, kuma wanda ya cusa sabuwa a juye, bai lura da ɗan yankan da ke nuna kanta ba, ya ƙona ta nan take. Kuɗin ya fi amfani a ƙafafun ɗora sifika.

Sabwufa ita ce ta ƙarshe, kuma sai mai amfilifayar kanta a ciki. Ta ƙaramin ramin 3.5 na baya za a ja mata layi. Kafin a biya kuɗi a gwada abu ɗaya: a murɗa maɓallin V3 a ji ko ƙarar sabwufar na binsa sama da ƙasa. Idan ba ta bi, to sai a riƙa rage murya daga DAC, a bar maɓallin amfilifayar wuri ɗaya. Ramin ba ya tace komai, duk sautin yake fitarwa, saboda haka a jikin sabwufar za a saita inda za ta tsaya. A fara daga 80Hz ga ƙananan sifiku, 60Hz ga manya, a ɗaga ƙararta har a fara jin daga inda take fitowa, sannan a ɗan rage.

Mai riƙe da tsohuwar Technics ko Pioneer ko Sony ta Beljiyam mai lafiya kuwa, ba dole ne ya canza ba. Tana da mashigai da yawa, sau da yawa har da na garmaho, kuma mai gyaran rediyo na unguwa ya san cikinta, abin da ba za a ce game da V3 ba, wadda idan IC ɗinta ya ƙone sauya shi sai mai injin hura iska mai zafi da hannu mai natsuwa. A gwada tsohuwar haka: a cire sifiku, a kunna ta ba kiɗa, a bar ta minti goma, a sa mita a DC tsakanin ja da baƙi na kowane ɓangare. Ƙasa da milibolt 50 lafiya lau. Idan ya haura 100, ko ana jin gurnani ko da an rage murya gaba ɗaya, ko kuma an buɗe an ga kan manyan kafasitocin ya kumbura, a kai ta gyara kafin a sake ɗaura mata sifika mai daraja.